Sakan Huɗu a Kan Mita Ɗari

Ku da kuke ta aiko min da saƙo kuna tambayar yadda shirin biki yake tafiya, ku yi haƙuri, yau ba labarin ɗinki na kawo muku ba. Tun ranar Litinin nake buɗe wayar nan, in rubuta layi biyu, in goge. Yanzu dai na gaji da gogewa. In kun gama karantawa kuka ji kun tsane ni, ba komai, na riga ku.

Ga wanda bai san ni ba, ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata, ina koyar da kimiyya a aji huɗu. Shekarata talatin da ɗaya. Ƙannena mata biyu duk suna ɗakunansu, ƙaramar ma goyo na biyu take yi, ni kuwa ina nan a kan gadon ƙarfen da nake kwana a kai tun ina firamare. Saura sati biyar a ɗaura min aure da wanda duk gidanmu suke kira Injiniya, mai haɗa wa mutane wutar sola. Ba wanda ya tilasta min shi. Ni na gan shi, ni na so shi, kuma har yanzu da nake wannan rubutun ina son sa. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Sati biyu na yi ina rubuta wa 'yan ajina a allo cewa in kana son sanin gudun abu, sai ka raba nisan da ya ci da lokacin da ya ɗauka. Suna kallona kamar ina karanta musu takardar cikin kwalin magani. Da na gaji, sai na je wurin Shugabar makaranta na roƙe ta ta bar ni in fita da su bakin titi. Da ma ta daɗe tana neman a yi mana tudun rage gudu a ƙofar makaranta, don haka ko gardama ba ta yi ba.

Ranar Alhamis na kwance igiyar shanyar Umma, mai mita goma, na cusa a jaka tana ta faɗa a bayana. Muka shimfiɗa ta sau goma a gefen titi, daga bakin ƙofa har zuwa rumfar mai faci, muka aje dutse a farko da ƙarshe. Mita ɗari cif. Na raba su rukuni uku, kowane rukuni da agogon awon tsere guda. Wata ta tsaya a dutsen farko da jan ƙyalle, da mota ta taka wurin sai ta sauke shi. Mai agogo tana dutsen ƙarshe, ta danna in ta ga ƙyalle ya sauka, ta sake dannawa in motar ta iso ta. Wata kuma ta rubuta kalar motar da ƙarfe nawa ta wuce.

Gudun kansu suka fara aunawa. Suka auna tafiya, suka auna gudu, hijabai na tashi, takalma na cirewa. Suka matsa wa Baba mai gadi sai da ya hau kekensa, ya yi musu mita ɗarin a sakan arba'in, ya sauko yana haki yana cewa agogonmu ne ba shi da lafiya. Rabon da in ji aji na dariya a darasina har na manta.

A cikinsu akwai wata yarinya da suke kira 'Yar Shiru. Maimaita ajin take yi, a kujerar ƙarshe take zama jikin taga, kuma tunda aka shiga zangon nan ban taɓa ganin hannunta a sama ba. Ranar ita na miƙa wa agogon rukuninsu, don kawai ita ce kusa da ni. Sai ga yarinya ta zama wata daban. Ta kafe ƙafa, ta ƙura wa jan ƙyallen ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Kafin mai rubutu ta gama zana lamba, ta riga ta faɗi amsa da ka.

"Ke, ashe kina da baki?" in ji wata.

Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Wallahi har raina na ji daɗi.

Ana cikin haka tela ya kira ni, wai ƙarfe sha biyu zai rufe shago ya yi tafiya, sai bayan kwana goma, kuma rigata ta biki tana hannunsa. Na koma gindin bishiya na rubuta wa Injiniya: "Kana ina? Tela zai rufe sha biyu, ka je ka karɓo min rigata. Don Allah ka yi sauri, kar ka yi min irin halin naka." Ya amsa: "Ina hanya ranki ya daɗe." Na ƙara masa: "SAURI." Da manyan baƙaƙe na rubuta, har yanzu yana nan a wayata.

Sai aka ce Shugaba tana nemana in sa hannu a wata takarda. Na bar su da Baba mai gadi, minti biyar kacal. Ina dawowa suka tarbe ni da hayaniya, wai wata mota ta wuce kamar za ta tashi sama. Na ce to, na ji, a naɗe igiya, an kusa buga ƙararrawa.

Na ba su har Litinin su kammala lissafin, amma kafin a tashi sai ga 'Yar Shiru a ofishin malamai da littafin rukuninsu, ta riga ta gama. Ta tsaya a gefen teburina, hannuwa a baya. Mu malamai muna da wani mugun hali, in muna duba aiki idonmu layin amsa kawai yake bi. Talatin da biyar, daidai. Arba'in da biyu, daidai. Talatin da takwas. Sai na iso layi na sha huɗu, na ga kilomita casa'in a awa.

"Casa'in? A titin nan mai ramuka?" Na yi dariya, na ja masa jan biro. "Kin yi ƙoƙari, amma nan kin zame. Bar littafin, za mu duba."

Ta ce, "To, Malama," ta fita.

Bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina cire allurar gyale, saƙonsa ya shigo: "Na samu 'yar matsala a hanya. Ina asibiti amma ni lafiyata ƙalau. Kar ki gaya wa Umma tukuna." Na kira sau shida bai ɗauka ba. Da ya ɗauka, muryarsa a dishe. Ya ce a kwanar da ke gaba da makarantarmu ya buge wani mutum mai sayar da ƙwai a keke, ƙashin ƙugunsa ya karye, kansa ya bugu. Shi ya ɗauke shi da hannunsa ya kai shi asibiti. Ya ce ya gaya wa jami'in hanya cewa a kan arba'in yake tafiya, mutumin ne ya karkato gabansa.

Na yi ta salati, na yi ta gode wa Allah da ya tsare min shi. Ko kusa tunanina bai je ga littafin da ke cikin jakata ba.

Washegari Shugaba ta kira ni ofis, fuskarta fal fara'a. Ta ce jami'in hanya ya zo, ya ji a bakin mai faci cewa yaranmu suna auna gudun motoci a daidai lokacin da abin ya faru. Ya tambayi Baba mai gadi, shi kuma ya ce a wurinsa duk motoci gudu suke yi, idonsa ba ya bambancewa.

"Don haka aikinki yake so," in ji ta. "Ki haɗa masa sakamakon a takarda ɗaya, ki sa hannu, ranar Litinin zai zo ya karɓa. Kin ga amfanin darasin naki tun ba a je ko'ina ba."

Na fito daga ofishin. Na shiga ɗakin ajiyar kayan gwaji, na tura ƙofa, na ciro littafin. A karon farko na karanta layi na sha huɗu daga farkonsa. Da ɗan siririn rubutunta mai tsabta ta sa: farar mota, ƙofar baya baƙa, sha ɗaya da minti ashirin, sakan huɗu.

Ni na raka shi wurin makaniki ranar da aka sa masa wannan baƙar ƙofar. Wata uku ina yi masa tsiya a kan ya ƙi fenti. Na duba saƙona na ƙarshe, sha ɗaya da minti sha biyu. Na sake raba ɗari da huɗu a bayan hannuna kamar wata 'yar aji ɗaya, ko Allah zai sa ya ba ni wata amsar. Mita ashirin da biyar a sakan guda. Casa'in a awa. Yarinyar ba ta zame ko'ina ba.

Ranar Asabar da yamma ya zo. Umma ta sa an share falo, an canza labule, an kunna turare. Na sa doguwar riga ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Shi ma ya rame a kwana biyu, gefen hannun rigarsa duk ya yamutse, abin da ban taɓa gani a jikinsa ba. Ya aje ledar rigata ta biki a kan kujera. Ashe ranar, bayan ya kai mutumin asibiti, sai da ya bi tela har tasha ya karɓo ta.

Na aje masa shayi, na aje littafin a gefen kofin, a buɗe.

Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Nawa kake yi?" na tambaye shi.

"Ban duba ba."

"Nawa kake yi, don girman Allah?"

"Na taka," ya ce a hankali. "Na taka sosai. Ke kika ce in yi sauri."

Ya ga yadda fuskata ta yi, ya ce ba haka yake nufi ba, in yafe masa. Amma ya riga ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce in aka tabbatar ya wuce ƙa'ida a gaban makaranta, ga mutum kwance, ga ƙaryar da ya riga ya yi wa jami'i, to kotu ce, za su karɓe lasinsa, wataƙila ma su rufe shi. Ya ce mahaifinsa ba zai bari a yi taron biki ɗansa yana gaban alƙali ba.

Sai ya sa yatsa a kan jan biron da na ja.

"Ai kin riga kin ce kuskure ne. Ban ce ki ƙirƙiri komai ba. Ki bar shi yadda yake kawai."

"Ba a miƙa aiki da jan biro a kai. Sai an yi gyara."

"To a yi gyaran."

"Yarinyar ce za ta yi shi, da hannunta."

"Yarinya ce fa," in ji shi. "Nan da sati ta manta. Ni kuwa rayuwata ce. Tamu ce."

Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Da ya yi min tsawa da na samu abin riƙewa. Idonsa ne ya kawo ruwa, wannan mutumin da yake hawa rufin bene yana waƙa, ya ce, "Ina jin tsoro." Na ji kamar in rufe shi da gyalena.

Yana fita Umma ta shigo, ba ta ma ɓoye cewa a bayan labule take ba. Ta zauna inda ya tashi, ta janyo ledar rigar, ta fito da ita tana shafa duwatsun wuyan.

"'Yar nan, lamba ce fa."

"Umma, mutum ne a kwance."

"Shi ya kai shi asibiti ko ba shi ba? Ya gudu? Kullum yana can, safe da yamma. In an rufe shi, ƙashin zai haɗe ne?" Ta ninke rigar. "Shekara nawa ina shiga taro ana tambayata ke. Manemi na farko ya tafi, kin ce ba ya son ki yi aiki, na yi shiru. Na biyu ya tafi, na yi shiru. Babanki ga shi can, hawan jini ya ci rabinsa, kullum maganarsa ya ga ranar nan. Yanzu da Allah ya kawo mai son ki da aikin naki, sai ki ɗauki igiyar shanyata ki ɗaure shi da ita ki miƙa?"

Ta fashe da kuka. Ban taɓa iya jure kukan Umma ba, tun ina ƙarama.

Ranar Lahadi da hantsi ta ce in shirya mu je dubiya. Mai ƙwan yana kwance an naɗe masa kai, an rataye masa ƙafa, idonsa biyu amma ba ya bin magana sosai. Matarsa na zaune a kan tabarma a ƙasan gadon, wata siririyar mata da ɗankwalin da ya koɗe. Da ta ji ko mu su wane ne, sai ta miƙe ta kama hannuna da nata biyu.

"Allah ya saka wa mijin naki da alheri. Da wani ne, tafiyarsa zai yi. Shi mai gidan bai tuna komai ba, amma an ce shi ya shiga gabansa. Na sha gaya masa ya rage lodi, keken yana rinjayarsa." Ta juya ta dube shi. "Ka ga abin da ka jawo wa bayin Allah, ana shirin bikinsu."

Mutumin ya motsa leɓe. Sai da na sunkuya na ji abin da yake cewa. Haƙuri yake ba ni.

A hanyar dawowa na yi amai a bakin kwata. Umma ta ce warin asibiti ne.

Zan so in ce muku na kwana ina kokawa da zuciyata har gaskiya ta yi nasara. Masu irin wannan labarin suna da yawa, ku je ku karanta nasu. Ni ranar Litinin tun bakwai da rabi ina ofishin malamai, na sa abaya baƙa, na jera biro biyu da gogewa a kan tebur. Saƙonsa ya shigo: "Kin isa?" Na kife wayar. Na aika a kira min 'Yar Shiru kafin a yi layi.

Ta shigo da wasu takardu a hannu, an cika su gaba da baya da fensir.

"Malama, na sake yi a gida. Sau goma sha ɗaya na yi, ta hanya biyu. Kullum casa'in yake ba ni." Ta matso da su gabana. "Don Allah ki nuna min inda na ɓata. Ina so in gane."

Tunda nake da ita ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Na kalli takardun, ko ɗigo babu a inda bai dace ba. Da wata rana ce da na tashi na rungume ta, na kai ta gaban aji na ce su tafa mata.

"Lissafinki daidai ne," na ce. Muryata ta fito sumul, abin har ya ba ni tsoro. "A agogo kika samu matsala. Kin makara wajen dannawa ta farko, shi ya sa lokacin ya yi kaɗan."

Ta dubi takardunta.

"Na ga kamar tare da ƙyallen na danna."

"Kamar kika gani. Ido yana yaudara, musamman ga wanda bai saba ba."

Na ga abin ya sauka a fuskarta a hankali. Kafaɗunta suka koma yadda na saba ganin su a kujerar ƙarshe. Ta tattara takardunta sha ɗaya ta ninke su ƙanana, ta tura a aljihu.

"Yi haƙuri, Malama. Da kin ba wata agogon."

Na tura mata littafin da gogewa. Ta goge huɗun a tsanake, ta hure ɓurɓushin, ta riƙe fensir a kan wurin. Sai ta ɗago ta dube ni, ba zargi ko kaɗan a idonta.

"Sakan nawa zan sa?"

Tun a gida na riga na lissafa. Wannan ne abin da ba zan yafe wa kaina ba, ban ma yi jinkiri ba.

"Tara."

Ta rubuta tara. Ta raba da ka, leɓenta na motsi, ta rubuta arba'in a ƙarshen layin da kyakkyawan rubutunta. Na ɗauki jan biro na ba ta maki.

Ta ce ta gode, ta nufi ƙofa. Har ta kama mariƙin sai ta juyo.

"Malama, sauran rukuni biyun ma huɗu suka samu. Da safen nan muka haɗa littattafai." Ta saki mariƙin ƙofar. "Ashe dukkanmu muka makara. Bari in je in gaya musu su gyara kafin su kawo miki."

Na buɗe baki. Ƙararrawar layi ta buga, ta taga na hango jami'in hanya yana kafe babur ɗinsa a gindin bishiya, yana cire hular kwano. Yarinyar tana tsaye tana jiran izinina.

Na ce mata ta yi sauri.